'Yar Akuyar da Na Kai Ajin Jamusanci

Shaa, shaa, shaa. Haka gyaɗa take yi idan ana juya ta cikin yashi mai zafi a kasko. Har yau duk inda na ji wannan ƙarar, ko a bakin titi ne ina cikin mota, sai in ga kaina tsugune a tsakar gidanmu na Badarawa, hayaƙi yana shiga idona, ina jiran mahaifiyata ta buɗe baki. Shekarun baya ne, ina aji biyu a jami'a, lokacin da Jamusanci ya zama shi ne tunanina safe da yamma.

Asali Faransanci nake karantawa, amma an ba mu damar ɗaukar wani harshe a gefe, ni kuwa na ɗauki Jamusanci. Dalilina ba wani mai nauyi ba ne. Tun ina ƙarama mahaifina yake kama tashoshin ƙasashen waje a shagon ɗinkinsa na Kawo. Wani lokaci, kafin mai fassara ya rufe muryar baƙon da ake hira da shi, sai in ji ɗan guntun maganar Bajamushe, kamar mutum yana taka tsakuwa da sabon takalmi. Sai in bar abin da aka aike ni in tsaya, ina tunanin me mutumin nan yake faɗa a ƙarƙashin fassarar. Da na gaya wa mahaifina abin da na zaɓa, ya yi dariya har ya ajiye almakashi. Ya ce 'ya'yan mutane suna zuwa jami'a neman abin yi, tasa 'yar ta je leƙen ƙarƙashin murya.

Shekarar farko wasa ce: gaisuwa, ƙirge, da sayen burodi a wani shago da babu shi sai a cikin littafi. Da muka shiga matakin tsakiya aka ɗauke mana wannan duka, aka ajiye mana harshen yadda masu shi suke yin sa. Malamarmu 'yar Kudu ce da ta yi shekaru a Jamus, doguwa, mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Takan zo da guntayen jaridu da gajerun labarai, ta kunna mana shirin rediyo ko ɗan fim, sannan ta ce mu yi gardama a kai da Jamusanci. Wanda Turanci ya kuɓuce masa, kallonsa kawai take yi ta saman tabarau, shi da kansa zai koma ya gyara.

Ni karatu ne nawa. Zan iya wuni a kan shafi ɗaya, ina juya kalma guda mai tsawon layin gidan mai, ina ɓare ta gaɓa-gaɓa har in ga abin da ke ciki. Akwai wani ɗan labari da muka karanta na wata mata da take jiran jirgin ƙasa cikin ruwan sama, na yi mako ina ganin kaina a tashar, har na wuce mahaɗar gidanmu a Keke Napep ban sani ba. Amma da zarar malama ta nuna ni ta ce in yi magana, duk abin da na sani sai ya watse kamar tsuntsayen da aka jefa da dutse. In tsaya baki buɗe, sai na zauna amsar take dawowa.

Ga shi kuma ba kowa ne yake wucewa babban aji ba. Kujerun kaɗan ne, wanda bai samu ba ya gama da Jamusanci ke nan, ya koma ya rungumi Faransancinsa. Abin da zai raba gardama shi ne aikin ƙarshen zango, wanda ake gabatarwa da baki a gaban aji da wata baƙuwa Bajamushiya da takan zo ta saurara.

Wata rana malama ta kunna mana wani ɗan fim. Tsohuwa ce da 'yarta zaune a kicin, kowacce da kofinta, uwar tana ba ta labarin ranar da ta haife ta. Tana kiran sunanta, tana shafa bayan hannunta, har ta ce mata ita ce abu mafi kyau da ya taɓa samun ta. Da fim ya ƙare malama ta ce to, aikinmu ke nan. Kowa ya je ya ɗauki muryar mahaifiyarsa, ko wadda ta raine shi, tana ba da labarin ranar da ya zo duniya da harshen gida. Mu fassara, mu ɗora muryarmu ta Jamusanci a kai yadda ake yi a rediyo, mu zo mu kunna, sannan mu amsa tambayoyi.

'Yan ajin da yawa murna suka yi. Mu Hausawan ciki muka kalli juna. Wani daga baya ya ce ƙasa-ƙasa, malama so take a bi shi da muciya har bakin titi. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Ni 'yar fari ce.

Kun san yadda abin yake, amma na mahaifiyata ya fi na kowa da na sani. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "waccan", in kuma akwai baƙi sai ta aiko ƙanwata ta ce a gaya wa yarinyar nan ta kawo ruwa. Ni ma ban taɓa ce mata Umma ba kamar sauran ƙannena. Yaya nake ce mata, yadda na taso na ji ƙannenta suna faɗa. Idan na ci jarrabawa mahaifina ne yake zagaya unguwa da labari. Ita sai dai in tarar an dafa dambun da nake so, ba a ce don ni ba ne, ba kuma wanda ya isa ya ce.

Bayan an tashi na bi malama ofis na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurare ni da kyau, sannan ta yi murmushi ta ce babu uwar da ba ta son zancen ɗanta, in dai tambaye ta da ladabi. Na fito ina cewa a raina, baiwar Allah, ba ki san Yaya ba.

Na gwada da ladabin. Da safe tana tankaɗe, na durƙusa na ce an ba mu aiki a makaranta, ana so ta ba da labarin ranar da aka haife ni. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa aka haifa?" Sai ta miƙe ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta aron rariya, ga tata a ajiye a kan tabarma. Karo na biyu ko tsayawa ba ta yi ba. Da yamma saƙo ya iso ni ta bakin ƙanwata: wai a gaya wa waccan, in karatu ya ƙare a makarantarsu har sun koma tonon asirin mutane, ta dawo gida akwai gyaɗar da za a ɓare.

Ƙawata ta aji, 'yar Malali, ita auta ce a gidansu. Mahaifiyarta ta zauna ta yi mata magana har wayar ta cika, da kirari da 'yar waƙar da take yi mata tana jaririya. Matsalarta ita ce abin da za ta yanke. Da ta ga na rame a tsaye, ta ce in daina wahalar da kaina, in je wurin ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna Ƙarama, tunda ita in ta fara zance sai an roƙe ta take yin shiru. In ɗauki muryarta in ce ita ce mahaifiyata, wa zai sani? Na yi kwanaki shawarar tana yi min yawo a kai. Abin da ya hana ni ba wani tsoron kamu ba ne. Fim ɗin nan ne ya tsaya min a rai. Muryar Yaya nake so, ko da kalma biyu ce.

Mahaifina na je na samu a shago, yana kan keke yana haɗa wuyan wata riga. Na zayyana masa komai, har da batun kujerun babban aji. Ya tsayar da keken, ya ce shi kansa bai san komai a kan ranar ba. Haihuwar fari ce, gida ta tafi, wurin iyayenta a Rigachikun, shi kuwa kunyar surukai ta hana shi ko leƙawa, aike kawai aka yi masa. Abin da ya riƙe shi ne an yi ruwa mai yawa har hanya ta ɓaci. Sai ya kalle ni ya ce, "Mamana, duk zamanmu kin taɓa jin na tambayi mahaifiyarki abu kai tsaye? Kada ki tambaye ta labarinki. Tambaye ta ranar."

Mahaifiyata tana soya gyaɗa mai gishiri, ta zuba a kwalabe, a kai wa masu shaguna a Malali. Ranar Asabar bayan la'asar ta ɗora kasko, yashi ya yi zafi, na zo na tsugunna ina gyara mata itace. Na ajiye wayar a kan turmin da aka kife, kusa da ita, na ce ina ɗaukar murya. Ta kalli wayar, ta kalli kaskon, ba ta ce in ɗauke ba. Na bari sai da ta zuba gyaɗa, sannan na ce wai Baba ya ce an taɓa yin wani ruwa a Rigachikun da ya ɓata hanya, ni ban yarda ba, ina ruwa zai tsaya a garin nan?

Ta ce mahaifinki me ya sani, yana Kawo a kan kekensa. Daga nan sai magana ta ɓalle. Ban taɓa jin ta yi zance mai tsawo haka da ni ba. Ta faɗi yadda hadarin ya taso daga gabas da hantsi, baƙi kamar bayan tukunya. Ta faɗi yadda kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, da yadda katangar maƙwabta ta zube a kan rama. Ta tuna zanen da kakata ta ɗaura, da ƙamshin kunun kanwa da aka dama, da tsohuwar da ta keto ruwa ta shigo da takalminta a hannu. Ni dai itace kawai nake turawa. Tsohuwar nan na san ungozoma ce, amma Yaya ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba.

Can sai ta ce, ranar ma akuyar gidan ta haihu. Muryarta ta yi ƙasa, hannunta yana ta juya gyaɗa.

"Guda ɗaya ta haifa, mace. 'Yar mitsitsiya, lokacinta bai yi ba. Kowa ya gani sai ya ce wannan ba mai zama ba ce. Ta ƙi kama nono har kwana biyu. Uwar ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, tana kanta. Kuma ba ta kuka irin na sauran. In an kwantar da ita sai ta ɗaga kai tana kallon inda haske yake shigowa ta rufi. Na ce a raina, wannan in ta yi rai, ba nan kusa idonta zai tsaya ba."

Na tambaya ko ta yi ran. Ta ce ta yi, ba a kuma taɓa samun irinta a gidan ba. Na ce to an yanka ta ne ko an sayar? Ta ɗago ta harare ni ta cikin hayaƙi, ta ce, "Wa zai sayar da ita?" Sannan ta ce in matsa da wayar nan gyaɗa za ta ƙone, ta kira ƙanwata ta kawo faranti. Zance ya ƙare.

Na shiga ɗaki na saurara daga farko har ƙarshe. Akwai ruwa, akwai kaji, akwai katanga, akwai 'yar akuya da aka yi wa bayani kamar 'yar sarki. Babu ni, ko sau ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na yi ɗan kuka, wani don aikin, wani don abin da ban san sunansa ba. Washegari na kunna wa ƙawata, ta riƙe ciki tana dariya, ta ce malama ta aike ni neman uwa na dawo mata da akuya.

Amma da na zauna fassara, sai na fara jin wani abu. Fassara tana sa mutum ya saurari magana fiye da yadda aka saba sauraro. Kowace jimla sai na maimaita ta sau da yawa, ina neman yadda Bajamushe zai ce hadari ya taso, ko katanga ta zube a kan rama. Ramar ma sai da na zagaya na ce wani ganye da ake miya da shi. A nan na lura cewa matar nan ba ta manta komai na ranar ba. Launin zane, takalmi a hannu, inda iska ta fito. Wannan Yaya ce, wadda take manta inda ta ajiye ashana kullum. Sai na yanke shawara ba zan ƙara ko kalma a bakinta ba. Na fassara maganarta yadda take, na bar ƙarar gyaɗar a ƙasa, na rubuta 'yar gabatarwa da ke bayyana al'adar ɗan fari da kalmomin da nake da su, waɗanda ba su da yawa.

Ranar gabatarwa baƙuwar ta zauna a gefen malama. Dattijuwa ce mai gajeren farin gashi, ta sa rigar atamfa da aka ɗinka mata ta yi mata yawa. Aka yi ta kunna iyaye mata, da Yarbanci da Ibo da Hausa da harsunan kudancin Kaduna, wasu suna dariya, wasu suna kuka, kowacce tana kiran sunan ɗanta. Na ƙawata har tafi aka yi mata. Da aka zo kaina, na fito gaban aji. Na karanta gabatarwar, na danna waya.

Shaa, shaa, shaa, ta cika ajin. Sai muryar Yaya, sai tawa a kanta da Jamusanci. Da aka zo wurin akuya wasu suka fara dariya, har na ji an yi kukan akuya a hankali daga baya. Amma kafin a kai inda uwar ta ƙi ci ta ƙi barci, ajin ya yi tsit.

Baƙuwar ta gyara zama ta yi min tambaya a hankali, yadda zan gane. Ta ce shin ban ji zafi ba, mahaifiyata ta tuna 'yar akuya ba ta ambace ni ba?

Ban shirya wa wannan ba, babu ita a takardata. Na jira tsuntsayen nan su watse kamar kullum, sai na ga suna nan zaune. Na ce mata da Jamusanci, na ji zafi da farko. Na ce amma a wurinmu abin da ya fi tsada ba a kiran sunansa a gaban mutane. Na ce mahaifiyata tana manta abin da ya faru jiya, amma ta riƙe rana guda ta shekara ashirin da wani abu, har da takalmin da baƙuwa ta riƙo a hannu. Mutum ba ya ajiye rana haka don ruwan sama. Na ce ba ta faɗi sunana ba, amma ranar tawa ce, kuma ta ajiye min ita duka.

Na san na yi kurakurai, na ji su suna fita. Amma na kai ƙarshen kowace jimla da ƙafata, ba Turanci, ba kallon takarda. Baƙuwar ta sake wata tambayar, na amsa, ta sake wata, har muka koma hira, na manta ana ba da maki. Malama tana ta rubutu. Da muka fito ta tsayar da ni a baranda, ta lissafa min wuraren da na karya ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko guda ba. Sannan ta cire tabarau ta ce ta janye abin da ta gaya min a ofis, kuma in zo da shiri, babban aji ba wasa ba ne.

Na samu kujerar. Na kuma samu suna, domin daga ranar har muka gama 'yan ajinmu 'Yar Akuya suke kira na, da Hausa da Jamusanci, ni kuma ina amsawa. Mahaifina ya sa na kunna masa aikin a shago, ya tara maƙwabtansa teloli, ba wanda ya ji ko kalma, amma duk suka yarda Jamusancin ya nuna. A gida na durƙusa na ce wa Yaya aikin nan ya yi kyau, an wuce da ni. Ta ce to, an gode Allah, miƙo min kwalaben can. Washegari aka yi dambu.

Na karanta manyan littattafai bayan wannan, na yi jarrabawar da ta fi ta wuya, yanzu ma da harshen nake cin abinci, ina fassara. Amma in aka tambaye ni ranar da na iya Jamusanci, ranar nan nake faɗa. Kafin ita aron bakin mutane nake yi, ina maimaita abin da suka rubuta a kan jiragensu da hunturunsu. Ranar ce na fara ɗaukar abin gidanmu, da hayaƙinsa da kunyarsa, na kai shi can ba tare da na canja masa kama ba. Har yau in na tuna sai in ji na ƙara tsawo.

Bara, a wurin sunan ɗan ƙanwata, muna zaune a ɗaki da Inna Ƙarama, zance ya kawo zance har na ba ta labarin yadda aka so in yi aron muryarta. Ta ce ai da na zo da ta cika min waya uku. Ta matsa sai na kunna mata na Yaya, na nemo shi na kunna. Tana ji tana gyaɗa kai, tana cewa haka aka yi, katangar nan ma a kan idonta ta faɗi. Da aka zo wurin akuya sai ta daina motsi. Ta sa na mayar baya, ta sake ji. Ta leƙa tsakar gida inda Yaya take raba wa mata abinci, sannan ta dawo da idonta kaina.

"Wace akuya?" ta ce. "Ni ce mai ba awaki dusa a gidan. Ciwo ya share su kaf tun kafin damina ta faɗi, sai da kika fara tafiya aka sake sayen wata."

Shekarar da aka haife ni babu akuya ko ɗaya a gidan kakata. Ni ce na zo lokacina bai yi ba, ni ce na ƙi kama nono har kwana biyu.